Ƙafar Kaza a Sararin Samaniyar Alƙahira

Bari in fara da gyara maganar da ake yawo da ita, don na gaji da jin ta. Daga ɗakunan ɗalibanmu na Alƙahira har tsakar gidanmu a Gombe, cewa ake wai Zulai ta samu aiki mai kyau wurin wani Balarabe, zuciya ta ɗebe ta, ta lalata masa kaya, ya kore ta. Wasu sun ƙara gishiri, wai aljanuna ne suka tashi. Wata ma cewa ta yi da kayan sata aka gan ni na fito. Ban yi sata ba, ba ni da aljanu, kuma abin da na yi da hankalina na yi shi. Zuciya kam ina da ita, ban musa ba. Amma duk mai son yanke mini hukunci ya zauna ya ji daga tushe.

Karatu aka ce zan zo yi. Wata mata mai kai 'yan mata waje ita ta zauna a zauren Babana ta rantse akwai makarantar koyon jinya da ke jira na a Masar. Shekarata biyu da gama sakandare ina zaune ina ƙirga azara, ko da wuta ta ce akwai ai zan biyo ta. Ranar da na sauka aka kai ni wani bene a Hadayek el-Maadi, hawa na biyar, mu bakwai a ɗaki biyu. Mai kula da gidan wata dattijuwa ce, Khala Sa'adiyya, Bahausar Sudan, mai sayar da shayi a bakin lungu. Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci, amma zagi kam tas yake fita. Da gari ya waye na yi wanka na sa hijabina mai kyau, na ce mata ina hanyar makarantar.

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. "Makaranta? Ya bitti, 'yata, ga littafinki can." Ta nuna mini bokiti da tsumma.

Matar da ta kawo ni kuwa tun daga ranar wayarta ta daina shiga. Allah ya isa, kuma ban yafe ba.

Wata bakwai na yi ina aikatau a Ma'adi, gidan wata Madam Nuha. Unguwa ce mai itatuwa, shiru kamar maƙabarta, karnukansu sun fi ni cin nama. Kofina daban, cokalina daban, a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ake ajiye su kusa da omo. A titi yara su bi ni da "samara, samara," wato baƙa, a metro, jirgin ƙasan cikin gari, mace ta ja jakarta jikinta don na tsaya kusa da ita. In na kira gida Mama ta ce yaya karatu, in ce alhamdulillahi. In na ajiye wayar sai in shiga banɗakin da na gama wankewa in yi kuka, don nan kaɗai ke da sakata. Ba abin da na fi kewa irin miyar kuka da man shanu. Miyarsu ta mulukiya tana da yauƙi, amma yauƙi kaɗai ba ya yin miya.

Kankana ce ta fitar da ni daga gidan nan. Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Kakata, Iya Kulu, zanen ƙwarya ne sana'arta, kuma a gindinta na tashi. Tun ina shekara bakwai take ba ni sakaina in ɓata. To wata Juma'a Madam ta yi baƙi, aka ce in yanka kankana. Ina tsaye ina jiran su gama cin abinci, wuƙa a hannuna, sai kawai na ga na zane bayan kankanar kaf da irin zanen Iya. Na ce yau na shiga uku. Madam ta buɗe baki za ta fara, sai ƙanenta, Ustaz Hani, ya ɗaga mata hannu. Ya ɗauki kankanar yana juyawa kamar ya tsinci zinariya.

"Ke kika yi wannan? Da wannan wuƙar?"

Na ce ni ce.

Ya ce da Madam, "Ba ni aron shaggalarki." Wato 'yar aikinki. Aro, kamar turmi. A gabana.

Haka na koma aiki a Giza. Kullum in shiga metro, in sauka, in kama ƙaramar bas ana matse ni kamar kifin gwangwani, in sauka bakin wani lungu mai warin kananzir. A can ƙarshensa warshar Ustaz Hani take, wato ɗakin aikinsa. Shi ba ya zama, shagonsa na sayar da hotuna yana Ma'adi. Wanda ke riƙe da warsha wani tsoho ne Kirista, Usta Girgis, mai ɗan gicciye a wuyan hannu da farata baƙaƙe ƙirin da tawada. Idonsa ya fara mutuwa, shi ya sa ake neman hannu.

Aikin shi ne: a kawo farantin jan ƙarfe mai santsi, a sassaƙa hoto a kansa da wani ƙarfe mai tsini da ƙotar katako, ni alƙalamin ƙarfe nake ce masa. A cusa tawada cikin zanen, a goge saman da tsumma sannan da tafin hannu, a ɗora takarda mai danshi, a murɗa injin matsi. Takardar ta fito da hoton, dama ta koma hagu. Ranar farko Usta ya ba ni guntun ƙarfe ya ce in ja masa layi mai lanƙwasa, ya koma gefe yana jiran ya yi dariya. Ni kuwa na riƙe alƙalamin wuri ɗaya, na juya farantin.

Ya cire tabarau ya mayar. "Wa ya koya miki? Shekara biyu na yi ana dukan hannuna kafin na gane faranti ake juyawa."

Na ce, "Ammu," wato baffa, "a garinmu ƙwarya ake juyawa, ba wuƙa ba. Ko jaririya ta sani."

Daga ranar ya daina kira na "ke," ya koma "ya binti," wato 'yata. Shi ne mutum na farko a ƙasar nan da ya zuba mini shayi a kofin da shi ma yake sha.

Hotunan da muke yi kwaikwayo ne na aikin Turawan da, na wajen shekara ɗari biyar baya. Ustaz Hani zai kawo hoto daga tsohon littafi, jirgin ruwa ne, taswira ce, fure ne, gari ne, ya ce a yi irinsa. Usta kuwa in ya fara ba da tarihin sana'ar ba ya tsayawa. Ya ce kafin a ƙirƙiro ta, hoto na sarakuna ne da manyan attajirai, a jikin bangonsu, talaka sai dai ya leƙa. Da takarda ta yi araha a Italiya da Jamus, aka gane faranti ɗaya zai haifi hoto ɗaruruwa, sai hoto ya shigo kasuwa kamar atamfa. Ana ɗaure shi dami dami a kan alfadari, matan masu sana'ar su bi kasuwanni suna tallarsa, mai ɗinkin takalmi ma ya saya ya manna a ƙofarsa. Wanda ba ya da kuɗin jan ƙarfe ya sassaƙa a katako.

Wata rana ya nuna mini ƙasan wani hoto a littafin, inda aka yi ƙananan rubutu a wuri uku. "Kin ga nan? Sunan wanda ya zana. Nan, wanda ya sassaƙa a ƙarfe. Nan kuma wanda ya buga ya sayar, shi ne mai faranti."

Na ce, "Wa ya fi samu a cikinsu?"

Ya yi murmushi. "Na ukun mana."

"Ashe ba yau aka fara ba. To matan da suka yi tallar fa, ina sunansu?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ƙalilan ne suka samu shiga. Amma ko banza, ya binti, mai sassaƙa yana da gurbinsa. Har ƙara suke kaiwa in wani ya saci alamarsu."

Na duba ƙasan namu farantan. Wayam.

Ba zan wanke kaina ba. Ban yi wata biyu ba na gane abin da ake yi a ɗakin baya. Ustaz Hani da kansa yake shiga ya rufe. Takardun da yake kawowa fararen shafuka ne da aka yanko daga tsofaffin littattafai. In mun buga, sai ya jiƙa su da ruwan shayi, ya gasa a tanda, ya ɗan cinye gefensu. Na sani, na yi shiru, don na tuna kofin da ke kusa da omo. Wasu ɗalibanmu ma da suka ji aikina sai suka hau yi mini wa'azin hukuncin zane. Na ce jirgi da fure nake yi, kuma lokacin da nake wankin masai ban ga wanda ya zo da fatawa ba.

Abin da ya fara dafa mini zuciya ranar da aka aike ni shagon Ma'adi ne. Na shiga da ledar kaya, sai ga jirgin ruwana a bango, cikin firam mai ruwan zinariya, fitila na haska shi. Sati uku na yi a kan igiyoyin jirgin nan har yatsana ya yi kanta. A ƙasa an sa ɗan kati da Turanci, na kuwa iya karatu: aikin wani gwani ɗan Italiya da ba a san sunansa ba. Ba a san sunansa ba! Ga ni tsaye, da silifas, da ciwon baya. Kuɗin da aka rubuta a jiki ya fi albashina na shekara. Ustaz Hani ya hango ni ya ce, "Yalla, ajiye ki bi ta ƙofar baya, akwai baƙi."

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A gidanmu ba a sakin abu ba alama. Duk wadda ta tashi a gidan Hausa ta san wannan: ranar biki kwanuka ɗari za su haɗu a tsakar gida, kowace mace ta san nata, don ta ɗiga masa jan farce ko fenti a gindi. Ta gidanmu ƙafar kaza ce da ɗigo biyu. Iya tana ƙona ta a gindin kowace ƙwarya, Mama tana zana ta a kwano, har a murfin kula. Iya takan ce kwanon da ba alama ba ya dawowa gida. To ni tun farantin farko, in na gama, hannuna da kansa yake yin ta, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar gero. A jirgi tana cikin igiyar ruwa. A fure tana jijiyar ganye. A taswira tana gindin dutse. Wallahi ban yi don in tona wa kowa asiri ba. Ban ma ɗauke ta a bakin komai ba, kamar bismillar cin abinci ce.

Sai aka samu wata tsohuwar Baturiya, malamar makaranta a Ma'adi, ta sayi hotuna uku. An ce mata ɗaya daga Italiya, ɗaya daga Jamus, ɗaya kuma tsakaninsa da su shekara ɗari. Matar nan ta zauna da gilashin ƙara girma tana jin daɗin kayanta, ta ga ƙafar kaza a na farko. Ta gan ta a na biyu. Ta gan ta a na uku. Ta kwaso su ta dire wa Ustaz Hani a shago, ta ce ko dai wannan kazar ta yi shekara ɗari tana yawo a Turai, ko ya ba ta kuɗinta.

Ya iso warsha da hantsi, fuskarsa kamar gauta. Ya buga hotunan a tebur.

"Mene ne wannan? Tsafi ne?"

Na ce, "Alamar gidanmu ce."

"Gidanku! Wa ya san gidanku? Na tsamo ki daga wankin banɗaki, ki zo ki sa mini ƙazantar ƙauyenku a kaya?"

"Aikina ne, ya Ustaz."

"Ƙarfena ne, takardata, tawadata, injina. Hannu kawai na ɗauka haya, ban ɗauki suna ba." Ya jawo wani ƙarfe mai santsin baki, wanda ake murje kuskure da shi, ya cilla gabana. "Faranti goma sha ɗaya. Ki goge ta a kowanne kafin Alhamis, har da babban. In kin ƙi, ƙofar Madam a buɗe take. Khalas, magana ta ƙare."

Babban da yake nufi shi ne wanda na yi wata huɗu a kansa: birnin Alƙahira kamar yadda Turawan da suka zana shi, da kogin Nilu, da hasumiyoyi, da dala can nesa. Faɗinsa ya kai faifai biyu. Ko bugun gwaji ba a yi masa ba, amma har ya yi masa ciniki da wani otal. Alamata tana jikin tubalin wata ƙofar gari.

Da ya fita Usta ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya binti. Goge. Jan ƙarfe ba ya da riƙo, minti biyar ya manta. Ni ma da ina da tawa, ɗan kifi ne. Mahaifin wannan ya sa na goge, shekara arba'in ke nan. Ga ni, ban mutu ba."

Na dube shi. Ido ya tafi, baya ya ranƙwafa, hotunansa suna rataye a gidajen manya a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, kuma ko jikansa ba zai iya nuna ɗaya ya ce na kakana ne ba. Na ce a raina, ai kuwa ka mutu, Ammu, ba a dai binne ka ba. Ban faɗa ba. Ina da baki, amma ba a kansa ba.

Da yamma na gaya wa Khala Sa'adiyya. Tana fifita gawayi ko kallona ba ta yi ba. "Ke dai akwai taurin kai. Alama ake ci? Ki goge, ki karɓi albashinki. Mu da kakanninmu suka baro Kano da ƙafa, wace alama muka bari a hanya?" Ta gama faɗanta, sannan ta haɗa mini shayi mai madara da kanumfari, ta ture hannuna da na miƙa kuɗi. Ta ce, "In kuma kin ƙi ji, katifarki dai tana nan. Ba mai ɗaga ta."

Ranar Laraba na zo da niyyar gogewa, Allah shi ne shaida. Na ɗauki farantin jirgi na murje. Gaskiyar Usta, ko minti biyar ba a yi ba. Wurin ya yi sumul kamar ba a taɓa haihuwata ba. Na goge na fure. Na goge na taswira. Ina yi ina jin kamar ina kwashe kwanukan Mama ina miƙa wa maƙwabta. Goma na goge. Sai na jawo babban.

Na daɗe ina kallonsa. Wata huɗu. Kowace hasumiya na san ranar da na yi ta, da abin da na ci, da wanda ya zage ni a bas. Gobe za a jiƙa shi da shayi a ce wani mataccen Bature ne ya yi. Na ajiye ƙarfen gogewa, na ɗauki alƙalamina. A saman birnin akwai fili fari, sararin sama, inda ba komai sai tsuntsaye uku. Nan na kafa tsinin, na danna da ƙarfin da Allah ya ba ni, na juya faranti. Ƙafar kaza, girman tafin hannuna. Ɗigo biyu. Na zurfafa ta yadda duk mai son goge ta sai ya huda ƙarfen.

Usta yana tsaye a kaina tun daga layin farko. Bai hana ni ba. Da na gama ya sunkuya har hancinsa na taɓa farantin, ya bi layin da farce.

Ya ce, "Tamam. Ko gargada babu." Sai ya ɗauko tawada.

Na ce, "Ammu, me kake yi?"

"A sana'ar nan bugun farko na mai sassaƙa ne. Haka na tarar."

Shi ya cusa tawadar, ni na goge da tafin hannuna, muka murɗa injin tare. Takarda fara sabuwa, ba ta shayi ba. Da ya ɗaga ta, ga Alƙahira gaba ɗayanta, ga ƙafar kazar Iya Kulu a samanta.

A haka Ustaz Hani ya same mu. Ba zan maimaita abin da ya kira ni ba, har uwata da launin fatata ya haɗa. Ya ce zai kira 'yan sanda, ya san takardar zamana ta ƙare. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na ce, "Kira su. Ni za su tafi da ni, amma sai na fara nuna musu tandar da ke ɗakin baya." Ya tsaya da wayar a hannu. Ya nuna mini ƙofa. Na naɗe takardata na fita ta gaba, ba ta baya ba. Wannan takardar ita ce kayan satar da aka ce an gan ni da su.

Kada wani ya ɗauka na ci riba. Albashin watan bai ba ni ba. Na koma goge-goge, gida uku a sati, gwiwoyina sun sake yin baƙi. Babana ya kira ya ce in tattaro in dawo tunda abin ya zama rashin kunya. Kuma har yau in na tuna goman da na goge da hannuna, sai in ji kamar in mari kaina.

Bayan sati biyu Usta Girgis ya aiko a ce in same shi a tashar metro. Ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin jarida: wuƙaƙen sassaƙa guda uku, ƙotarsu ta sha hannu har tana ƙyalli. A jikin kowace ƙota akwai ɗan kifi.

Ya ce, "Ba ki da inji, ba ki da jan ƙarfe. To talakawan can ma da katako suka fara. Ki shafa tawada, ki ɗora takarda, ki murza da bayan cokali." Bai jira godiya ba, ya shige cikin mutane.

Ga abin da na yanke. Ba zan koma gida yanzu ba, Baba ya yi haƙuri. Na roƙi guntayen katako wurin kafintan lungunmu, na sayi tawada gwangwani ɗaya, cokali kuwa Khala ta ba ni, tana mita. Zanen ƙwaryar Iya zan sassaƙa, duk wanda na tuna, ɗaya bayan ɗaya, in shanya su a igiya kusa da teburin shayi, mai saye ya saya, mai dariya ya yi. Ba ruwan shayin da zai taɓa su sai in wani ya zubar da nasa. Kuma a ƙasan kowanne zan yanka gurbi uku, kamar yadda na gani a littafin. Wadda ta zana, Kulu. Wadda ta sassaƙa, Zulai. Wadda ta buga ta sayar, Zulai.